Fita da Yara Shan Iska Ba Sai da Sallah Ba

A yawancin biranenmu yaro ba ya ganin gidan zoo ko wurin lilo sai sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babba. A ranar za a caɓa masa ado, a danƙa masa kuɗin shiga, a haɗa shi da yayyensa su cika Adaidaita Sahu. Da shagali ya wuce, shi ke nan sai wata Sallar. Sauran watanni kuwa daga gida sai boko, daga boko sai Islamiyya, da daddare a zauna gaban talabijin ko a karɓi wayar uwa. Magidanta da yawa na kallon fita da iyali shan iska a matsayin ɓarnar kuɗi ko al'adar masu hannu da shuni, alhali buƙata ce ta lafiyar yaro da tarbiyyarsa.

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar ba, domin a zamaninsu unguwa ita ce wurin wasa. Kowace unguwa da dandalinta. In farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa da carafke, maza na langa da kokawa, ƙanana na wasan ɓuya, manya na zaune a ƙofar gida suna sa ido. Yau an yanka filayen an yi shaguna, lungu ya zama hanyar babura, gidan haya kuma ɗaki biyu ne da tsakar gida da ba ta wuce shimfiɗar tabarma ba. Uwar da ta kulle ɗanta a gida ba ta yi laifi ba, tsoron mota da ɓata-gari ne ya sa. Sai dai abin da dandali ke bayarwa kyauta a da, yanzu dole sai iyaye sun tashi sun nema wa 'ya'yansu shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kowace rana yana motsa jiki sosai, irin gudu da tsalle da ƙwallo. Ta kuma ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a rana yana kallon waya ko talabijin. Guje-guje na ƙarfafa ƙashi da tsoka, yana buɗe wa yaro ciki ya ci abinci, ya kuma yi barci mai nauyi. Likitocin ido sun gano cewa yaran da ke daɗewa a waje cikin hasken rana ba su cika kamuwa da matsalar rashin ganin nesa ba kamar waɗanda ke wuni a ɗaki, har ƙasar Taiwan ta ƙarfafa wa makarantunta su riƙa fitar da ɗalibai waje na awa biyu kullum. Sau da yawa yaron da ake kira mai ƙiriniya ba komai ke damunsa ba illa rashin wurin da zai sauke ƙarfin da ke jikinsa.

Wuraren zuwa kuwa muna da su, mantawa da su muke yi. A Kano akwai Gidan Zoo da aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda har titin da ke gabansa ya ci sunansa. Akwai Dutsen Dala, inda yaro zai hau ya hango birni ta kowace kusurwa, a ba shi labarin Barbushe a wurin da abin ya faru. Akwai Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda yanzu gidan tarihi ne. A Kaduna akwai lambun Gamji a bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Maiduguri na da gidan zoo na Sanda Kyarimi, Jos na da gandun namun dajinta, Abuja na da Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a 2003. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama ya haɗa namun daji masu rai da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Yaron da ya tsaya gaban jimina ko kura ya gan su da idonsa, ya wuce wanda ya haddace sunansu a aji. Gani ya kori ji.

Maganar kuɗi ma ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da ke cinye aljihu shi ne saye-sayen bakin ƙofa. In an dafo abinci daga gida, an ƙullo zoɓo ko kunun aya, an riƙo ruwa da tabarma, saura kuɗin mota da na shiga kawai. Ranar da babu ko wannan, filin makarantar unguwa ko inuwar darbejiya a bayan gari sun wadatar, muddin da babba a kusa. Fita sau ɗaya a wata a ranar da ba cunkoso ta fi amfani da turereniyar ranar Sallah, inda yaro ke shan rana a layi, ya dawo bai ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, don haka a fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, a kuma yawaita ba yara ruwa tun kafin su nema. Da hunturu a rufa musu jiki, mai asma kuma a guje masa ranar da hazo ya yi kauri. Da damina a kiyayi doguwar ciyawa saboda maciji, a nisanta yara da kududdufi da bakin dam, a koma gida kafin magariba, lokacin da sauro ke fitowa.

A wurin wasan, babba ya fara duba lilo ko sarƙarsa ta yi tsatsa kafin a ɗora yaro. Kada a bari ya zura hannu cikin kejin dabba, ko da biri ne, domin cizonsa da yakushinsa na iya jawo ciwo mai tsanani. Kowane yaro ya san sunan mahaifinsa da unguwarsu, ƙarami kuma a rubuta lambar waya a sa masa a aljihu. Da an shiga, a nuna musu wuri guda da za a haɗu in wani ya ɓace. Kuskure ne babba a damƙa ƙanana uku a hannun yarinya 'yar shekara goma sha biyu a ce ta kula da su cikin dubban mutane.

Wannan ya kawo mu kan uba. Ba da kuɗi kaɗai ba ya sauke nauyi. A irin wannan fita ne uba ke gane wane ne matsoraci cikin 'ya'yansa, wane ne mai son kai, wace ce mai yawan tambaya. A nan ne zai koya musu bin layi, da bar wa ƙarami lilo, da tattara ledar fiya wata a kai kwandon shara, da tsayawa a yi salla in lokaci ya yi. 'Ya'ya mata ma a tafi da su, ga uwarsu da ita ma ke buƙatar fita daga hayaƙin madafa.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Duk filin wasan da ya rage a unguwa amana ce. Mai unguwa da limami da ƙungiyar iyaye da malamai su tsaya kada a yanka shi, su nemi hukuma ta kewaye shi ta shuka itatuwa, masu tsara sababbin unguwanni kuma a tilasta musu ware wa yara fili. Kafin hakan ta samu, kowane magidanci ya zaɓi rana guda cikin watan nan, ya sanar da yaransa tun yanzu, ya kuma cika alkawari.