Yadda Rashin Fahimtar Juna Tsakanin Injiniyoyi Ya Salwantar Da Kumbon NASA

A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, bayan tafiyar sama da wata tara. Injinsa lafiya lau yake. Daga nan ƙasa matsalar ta taso, tsakanin rukuni biyu na ma'aikata.

Manhajar kamfanin Lockheed Martin, wanda ya ƙera kumbon, tana fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin fam irin na Amurka. Su kuwa masu saita hanyar kumbon a cibiyar JPL sun ɗauka da ma'aunin Niyuton lissafin yake zuwa, kamar yadda takardar aikin ta tanada. Fam ɗaya kusan Niyuton 4.45 ne, don haka kuskure ya yi ta taruwa kaɗan-kaɗan tsawon tafiyar. An so kumbon ya ratsa ta nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai ya gangaro zuwa kusan 57. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rahoton binciken shi ne, wasu masu saita hanyar sun lura lissafi ba ya daidaita tun kumbon na hanya. Sun yi magana, amma ta imel, ba ta tsarin da aka ware don shigar da matsala ba, sai batun ya bi ruwa.

Duk mai haɗa manhaja ya san ƙanin wannan. Paystack, alal misali, da kwabo yake karɓar adadin kuɗi. Idan mai tsara fuskar shafi ya tura 5000 yana nufin naira, naira 50 za a cire wa mai saye, kuma kowa zai rantse ɓangarensa daidai yake. Haka kalmar "an gama": wurin mai rubuta manhaja tana nufin abin ya yi aiki a kwamfutarsa, mai talla kuwa tuni ya shaida wa kwastoma gobe za a fara amfani da shi, alhali mai gwaji ko taɓa shi bai yi ba.

Yawan taro ba ya maganin wannan, a ganina. Ku rubuta ma'auni a cikin sunan kowane adadi, kwabo ne ko naira, daƙiƙa ce ko minti. Ƙorafin da aka jefa a zauren WhatsApp kuma a mayar da shi inda ake bibiyar ayyuka, a sa sunan wanda zai duba shi da ranar da zai kawo amsa.