Mai Kwance Igiya

Da igiya ake kawo da yawansu. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar akuya, ƙarti huɗu sun danne shi a bayan mota tun daga wani ƙauye ta wajen Sakaba har cikin garin Zuru. Kwana uku ke nan bai runtsa ba. Uwarsa na biye, ɗankwali a hannu, duk wanda ta gani da farar riga sai ta ce "likita, ka taimake ni". Wanda zai fara tarbarsu kuwa nas ne. In an yi dace, nas ɗin da ya yi karatun jinyar masu taɓin hankali.

Mai kallo zai ce bai fara aiki ba. Sai ya sa jama'a su ja da baya, a bar mutum ɗaya da yaron ya yarda da shi. Ya kawar da almakashi da kwalba daga kan tebur. Ba ya tsayawa a kan mara lafiya, ba ya tare masa ƙofa. Kujera yake jawowa ya zauna daga gefe, inda hannu ba zai kai gare shi ba. Sannan ya sassauta murya: "Ƙanina, sannu da hanya. Ba wanda zai doke ka a nan. Igiyar nan tana cin hannunka ko?" In da harshen C'lela yaron yake sambatu, da C'lela za a amsa masa, ko a nemo mai ji, don wanda ya firgita harshen da ya sha a nono yake komawa. Idan ya ce ga mutane can da bindiga a bakin taga, nas ba zai ce ƙarya ne ba, ba kuma zai ce shi ma ya gan su ba. Cewa zai yi, "Na ga kana cikin tsoro. Ni ban gan su ba, amma ina nan tare da kai."

Baki na lallashi, ido kuma na nasa aikin. Akwai zazzaɓi? Wuya ya sanƙare? Sukarin jini ya faɗi? Ya sha tiramol ko wata ƙwaya? Zazzaɓin cizon sauro da ya haura kai, da sanƙarau, duk suna iya fitowa da kamannin hauka, kuma wanda aka yi wa allurar barci ba a bincika ba, mai yiwuwa ne ya zarce daga barcin. Allura tana da ranarta, amma ita ce ta ƙarshe a jaka. Ni dai a nan nake gane gwanin sana'ar: minti nawa zai iya zama yana magana kafin hannunsa ya kai ga sirinji.

Ilimin nan daga gobara ya samo asali. A 1942 wuta ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka mutu. Likita Erich Lindemann ya zauna da waɗanda suka tsira da dangin mamatan, ya rubuta abin da ya gani a 1944. Bayansa Gerald Caplan ya nuna cewa ruɗewar da ke biyo bayan irin wannan bala'i takan ɗauki mako huɗu zuwa shida, mutum ya farfaɗo ko ya nutse, kuma ɗan taimako a wannan tsakani ya fi babban taimako daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dunƙule abin a 2011 cikin aiki uku: duba, saurara, sannan haɗa mutum da inda zai sami taimako.

Ƙasar Zuru tana da tata gobarar. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Ƙauyukan Danko da Wasagu sun sha watsewa. Ga manomin da ya bar gonarsa da rumbunsa, ga matar da aka karɓo da kuɗin fansa ta daina magana, ga tsohon soja, a ƙasar da aka sani da ba da 'ya'yanta ga aikin soja, wanda ƙarar salansa ke sa shi kwanciya ƙasa. Ba duka ne mahaukata ba, kuma nas na ƙwarai ya san bambancin: wasu nauyi ne ya fi ƙarfin wuyansu na ɗan lokaci.

Akwai tambayar da ke yi wa kowa nauyi a baki, shi kuwa dole ya yi ta, a keɓe, ba tare da kwana-kwana ba: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ita ke buɗe bakin da ya daɗe a rufe. In amsar e ce, sai ya bi diddigi: da me, yaushe, abin yana gida? A ƙasar noma amsar takan kasance maganin feshi ne da ke ajiye a kusurwar ɗaki. Za a ce wa wa ko kawu ya ɗauke maganin yau, kada kuma a bar yaron shi kaɗai. Abin da ke ƙara wa aikin wuya, sashe na 231 na kundin Final Kod ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, shi ya sa dangi kan ce kuskure ne aka yi.

Nas ba ya faɗa da malam ko fasto. A Zuru gida ɗaya kan haɗa masallaci da coci, kuma kafin a zo asibiti an riga an yi ruƙiyya ko an kwana ana addu'a. "Mama, a ci gaba da addu'a," zai ce, "amma ban da duka, ban da mari, maganin nan kuma safe da yamma." Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, tana bayansa a kan wannan, ko da yake ba ta iso kowane ƙauye ba tukuna.

Wanda abinsa ya yi tsanani sai a rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato, tafiyar sa'o'i, da kuɗin mota na mutum uku. Nas ya san wasu ba za su je ba, don haka yake ba da ranar dawowa, ya nanata wa uwa alamun da in ta gani ta taho ko da tsakar dare ne.

Shi kuwa saurayin Sakaba, can wajen la'asar numfashinsa ya daidaita. Nas ya tambaye shi ko in an kwance shi zai zauna, ya ɗaga kai. Aka warware ƙullin a hankali, aka wanke inda igiyar ta ci, aka miƙa masa ruwa a kofin roba ya riƙe da hannunsa.