Kafintocinmu da Awon da Ba Ya Mutuwa

Daga Mai Wurno har Damazin, mun saba da kafinta mai riƙe awonsa a ka. Ran da ya rasu, awon ya bi shi kushewa, yaransa su koma lalube, ana ta ɓarnar katako.

To, akwai manhajar kwamfuta mai suna SketchUp. Ana zana ƙofar kabad ɗin kicin sau ɗaya, da kaurinta da wurin mariƙi, a adana. Gobe in mai kayan amarya ta zo, sai a ɗauko a jera shida. A gyara ɗaya, sauran biyar sun gyaru.

Damuwarmu dai wuta ce. Ga madatsar Rusairis a gefenmu tun 1966, amma ɗaukewa take yi. Shi ya sa muke cewa duk zanen da aka gama, a buga shi a takarda, a liƙa a bangon shago.