3.4 Lokaci Mai Ci a Hausar Bagudo

Lokaci mai ci shi ne wanda yake nuna cewa an fara aiki, kuma ba a kammala shi ba. Galadanci (1976) ya kasa shi gida biyu, wato mai ci na I, mai lamirin -na, da mai ci na II, mai lamirin -ke. Ana amfani da na II a jimlar tambaya, da bayan kalmar "da", da kuma inda aka gabatar da wata kalma don ƙarfafawa.

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Lolo da Tsamiya, kuma Hausar da ake yi a can tana cikin karin harshen yamma. A mai ci na I bambancin kaɗan ne, domin wakilin sunan namiji kawai yake sauyawa:

(1) D.H.: Yana noma.
 Bagudo: Shina noma.

A mai ci na II kuwa, lamirin -ka ne yake maye gurbin -ke idan aiki ya biyo baya:

(2) D.H.: Me kake yi?
 Bagudo: Mi kaka yi?
(3) D.H.: Shinkafa muke saye.
 Bagudo: Shinkafa muka saye.

Misali na (3) shi ne abin lura. A Daidaitacciyar Hausa, muka da kuka da suka da aka na shuɗaɗɗen lokaci na II ne. Saboda haka Bakano zai iya ɗauka an riga an gama cinikin, alhali mai maganar yana tsakiyar yin sa. Mutumin Bagudo ba ya rikicewa, domin nasa shuɗaɗɗen lokacin yana da siga dabam, wato munka, kunka, sunka, anka:

(4) Shinkafa munka saya.

Wata alamar kuma ita ce kalmar da take biye. A (3) saye suna ne ɗan aikatau, a (4) kuwa saya aikatau ne tsantsa.

Wajen korewa, ana cewa "ba ni zuwa" da "ba shi zuwa" maimakon "ba na zuwa" da "ba ya zuwa".

Daga nan za a ga cewa malamin da yake duba rubutun ɗalibi ɗan wannan yanki yana bukatar sanin wannan tsari, don kada ya ɗauki ƙa'idar karin harshe a matsayin rashin sanin lokuta.