Mamacin da Aka Gani a Fitsbag

A shekarar 1903 aka yi wata jana'iza a Kambirij ta ƙasar Ingila. G. E. Moore ya wallafa maƙalar da ya ce ta rusa aidiyalizim, falsafar da ke cewa hankali yana da hannu a siffar duniyar da muke sani. Bertrand Russell ya taya shi zuba ƙasa. Shekara da shekaru, da wuya a ambaci Hegel, jigon wannan falsafa, a tsakanin magadansu in ba don ba'a ba. Kwatsam a 1994, malamai biyu na Jami'ar Fitsbag a Amurka, John McDowell da Robert Brandom, kowa ya fitar da littafi, sai ga muryar mamacin a ciki. Wa ya tone kabarin?

A fara duba gawar. Abin da Moore ya kai wa sara shi ne da'awar cewa samuwar abu ita ce a tsinkaye shi. Wannan kuwa maganar Berkeley ce, limamin coci ɗan Ayilan. Kant, wani jigon aidiyalizim, a littafinsa na 1781, bai ce dutse mafarki ne ba. Cewa ya yi wuri da lokaci da sababi ƙirar hankali ne, da su muke gane dutsen, amma yadda yake a karan kansa ya fi ƙarfin saninmu. Hegel ya ƙi wannan katanga: a ganinsa, wanda ya san iyaka ya riga ya leƙa bayanta. Ashe ba su aka sa a likkafanin ba.

Sai makamin. Russell ya dogara da ɗanyen abin da ido da kunne ke kawowa, wai shi ne tubalin ilimi. A 1956, a wasu laccoci a Landan, Wilfrid Sellars ya nuna tubalin toka ne. Aku ma yana iya cewa "ja" in ya ga jan ƙyalle, amma bai san wannan ya kore zamansa kore ba, kuma ba ya iya kawo hujja in an musa masa. Gani ba ya zama sani sai da ma'ana. Nan Kant ya motsa.

Saura sawu. A 1963 Sellars ya koma koyarwa a Fitsbag. A can Brandom ya ɗora da Hegel: ma'ana aikin jama'a ce, kowa yana riƙe ɗan'uwansa da abin da ya furta. Babu wanda ya tone kabari. Makamin ne ya karye.

Amma mamacin bai tsira ba tukuna. A 2006 Bafaranshe Quentin Meillassoux ya tare shi da tambaya: duniya ta kai shekara biliyan 4.5, to wane hankali ne ya siffanta ta kafin a haifi mai tunani na farko? Magadan Kant da Hegel suna kan amsa wannan sammaci.