Tsohon Jirgin Ruwa Ya Koma Bakin Aiki

Duk wanda ya san ƙasar Gwiwa zai yi dariya in ya ji muna zancen jirgin ruwa. Mu mutanen tudu ne. Ƙasarmu da ta Roni da ta Kazaure duwatsu ne da jigawa, abin da muka gada kuwa shi ne gero da dawa da gyaɗa da wake. Amma tun shekarun 1970, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, al'amura suka sake. Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya sa aka datse koguna da yawa. Aka yi dam na Bagauda, aka gama na Tiga a 1974, aka kuma yi waɗansu ƙanana, har da Kazaure. Ruwa ya tsaya inda dā ba ya tsayawa. Noman rani ya samu, masunta suka zo daga wajen Yawuri da Argungu, su ne kuwa suka kawo mana jirage.

Jirgin da za mu ba ku labarinsa ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ƙungiyarmu tana da lambuna a ƙetaren ruwan da ke kusa da mu, inda muke shuka tumatir da albasa da tattasai. In za a fitar da kaya, sai amalanke ta zagaya ruwan ta hanyar duwatsu. Kafin ta kai bakin titi rana ta take, tumatir na ƙasan kwando ya zama miya, mai saye kuwa ya sa kuɗin da ya ga dama. Alhali ta ruwa tafiyar ba ta da nisa.

Wani tsohon masunci yana da jirgin katako a kife ƙarƙashin tsamiya, shekara da shekaru kaji suna kwana a ciki. Injinsa yana rataye a zaure, an naɗe shi da buhu. Da muka je neman saye, tsohon ya dube mu ya ce, "Malam, jirgin nan ya girme ka. In wuta za ku hura da shi, ku bar mini abina. In gyara za ku yi, ku ɗauka, ni zan nuna muku." Muka shirya da shi a kan buhunan gero, za a biya bayan kaka.

A taron ƙungiya aka yi gardama sosai. Waɗansu suka ce kuɗin asusu na taki ne, ba na wasan yara ba. Ma'ajinmu, mace ce mai riƙon amana, ta ce ba za ta fitar da ko kwabo ba sai an gwada katakon an gani. Gaskiyarta ce, da wannan muka fara.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗauki ƙusa mai tsini ka bi jirgin kana sokawa, katako bayan katako, ciki da waje. Inda itace yake da rai ƙusar ba ta shiga. Inda ya ruɓe sai ta nutse kamar a cikin dafaffen rogo. Duk inda ta nutse muka zana da alli. Kada ku yarda da ido, gama fenti yakan rufe ruɓa. Mun sami katako uku na ƙasa sun mutu, da haƙarƙari biyu, da allon baya inda ake ɗaura inji. Gara ta ci gefen da ya taɓa ƙasa. Amma ƙashin bayan jirgin, watau dogon itacen da ke tsakiya daga goshi zuwa baya, lafiya lau yake. Tsohon ya ce da shi ne ya ruɓe, da ya ce mu koma gida. Jirgin da ƙashin bayansa ya mutu ba gyara yake so ba, sabo ake ƙerawa.

Wajen sayen katako muka yi kuskuren farko. Kafintanmu gwanin ƙofa da benci ne, bai taɓa aikin jirgi ba. Ya sayo farin katako domin ya fi araha. Tsohon ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye, bai ce kome ba sai, "Ɗana, wannan damina biyu." Farin katako yana shan ruwa, yana ruɓewa da sauri. Dole muka mai da shi, muka yi ciko, muka karɓo maɗaci busasshe. Ku lura da wannan kalma, busasshe. Ɗanyen katako yakan tsuke bayan an buga shi, ya bar ƙofa ga ruwa. Ƙusa kuma ba kowace ba. Baƙar ƙusa takan yi tsatsa, ta cinye itacen da ke kewaye da ita, har katako ya saki. Mun nemi mai farin rufi, irin wadda ba ta saurin tsatsa, aka kuma fara huda kowane wuri kafin a buga, don maɗaci yakan tsage.

Toshe tsakanin katako shi ne aikin da ya fi koya mana haƙuri. Ana murɗa auduga kamar igiya, a tura ta cikin tsagar da kurfi marar kaifi, sa'an nan a bi da narkakkiyar kwalta. Samarinmu suna ta dukan audugar da ƙarfi, suna cewa kada ko ɗigo ya shiga. Tsohon ya hana su. Jirgin da ya daɗe a tudu ya bushe ƙwarai, in ya shiga ruwa katakon zai kumbura. In ka cika tsagar tam, ba inda zai kumbura zuwa, sai ya banƙare ya tumɓuke ƙusa. Da muka gama muka tura jirgin bakin ruwa, kafin magariba ya cika rabi. Waɗanda suka ƙi aikin tun farko suka zo kallo, ba mu rasa jin magana ba. Tsohon ya ce a bar shi. Kowace safiya muna kwashe ruwa da ƙwarya, kowace safiya yana raguwa. A kwana na biyar sai 'yar laima kawai.

Sai zancen inji. A jikin tankin an rubuta British Seagull. A garin Poole na Ingila ake ƙera irinsa dā, an kuwa daina tun 1996, saboda haka kada ku sa rai za ku sami kayansa a kowane kanti. Ƙaramin inji ne mai silinda ɗaya, ƙarfinsa bai wuce doki biyar ba, da igiya ake naɗe kansa a fizga. Ba shi da gudu, amma babbar farfelarsa tana iya tura jirgi mai nauyi, wannan kuwa shi muke bukata.

Makaniken babur na garinmu ne ya kwance shi. Sifanoninsa suka ƙi zama a kan notin, gama awon Ingila na dā ne, ba milimita ba, sai da ya goge wani tsohon sifana ya daidaita. Tsohon mai ya daskare a cikin tanki da kafireto kamar ƙaro, aka wanke da fetur. Aka zare busasshiyar laka daga hanyar ruwan da ke sanyaya inji. Wannan hanya ku riƙa duba ta kullum: in inji yana aiki ba ku ga ruwa yana tsiyaya ta baya ba, ku kashe shi nan take. Fulogi ne ya ba mu wahala. Bakinsa milimita 18 ne, na babur ba ya shiga. Sai a Kano aka samo, bayan tafiya biyu.

Kuskure na biyu namu ne, mu masu karatu. Makanike ya haɗa mai yadda ake haɗa wa injinan zamani, watau baƙin mai kaɗan cikin fetur mai yawa, mu kuma muka yarda. Injin ya tashi, jama'a suka yi guɗa, ba a jima ba ya yi zafi ya fara ƙara marar daɗi. Tsohon ne ya miƙa hannu ya rufe mai. Irin wannan inji da aka ƙera kafin 1978 yana son baƙin mai kashi 1 cikin fetur kashi 10, watau rabin lita ga lita 5. Da mun ƙara 'yan mintoci, da mun ƙone abin da ba mu da inda za mu sayi wani.

A nan akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Injin yana hayaƙi, yana kuma barin maiƙo a kan ruwan da muke ban-ruwa da shi, dabbobi kuma suke sha. Ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Don haka muka yanke cewa ba za a ta da shi ba sai jirgi yana ɗauke da kaya. In fanko ne, filafili da gora sun isa. Kuɗin da jirgin ke kawowa ana ware kashi don sayen sabon inji nan gaba. Samari suna son tsohon saboda ƙararsa, amma ƙara ba ta biyan bashi.

Gardama mafi zafi ta zo ne bayan an gama kome. Mutanen ƙetare suka roƙa a riƙa fito da su ranar kasuwa, waɗansu 'yan ƙungiya kuma suka fara lissafin kuɗin fito, kai goma sha biyar, kai ashirin. Sai aka tuna da Bagwai. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare dam na Watari zuwa Bagwai, a Jihar Kano. Lodi ya yi yawa, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Ruwan dam ne kamar namu, ba teku ba, ba kuwa nisa da mu. Mu kuma a nan ƙalilan ne suka iya iyo.

Ga abin da muka yi. Muka cika buhuna da yashi, muna lodawa ɗaya ɗaya a ruwa marar zurfi, har ya rage santimita 30 tsakanin ruwa da leɓen jirgi, watau tsawon rula ta 'yan makaranta. A nan muka ja layi da jan fenti, gefe da gefe. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wane ne ke tsaye a gaɓa. Da muka gwada da mutane, manya takwas ne da matuƙi, ba kaya. Ƙarƙashin kowane benci mun ɗaure jarkoki masu lita 25, fanko, a rufe kam. Kowace tana iya riƙe nauyin kilo ashirin da wani abu a ruwa, don ko jirgi ya cika kada ya nutse ƙasa. Ba a tashi bayan faɗuwar rana, ba a tashi in hadari ya haɗo. Rigunan ruwa huɗu muka iya saye, saura biyar, har su cika kuwa mutum huɗu kaɗai ke shiga.

Ranar kasuwa ta farko, matuƙinmu ya bar kawunsa na jini a gaɓa da buhun albasa, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, sai sahu na biyu." Kawun bai yi masa magana ba har mako guda, amma ya jira sahu na biyun.

Yanzu tumatir yana isa bakin titi da sanyin safiya, ma'aji kuma ta biya tsohon geronsa. In rani ya ƙare za mu jawo jirgin tudu, mu ɗora shi a kan duwatsu a inuwa saboda gara, mu sake bin sa da ƙusa. Fulogi ɗaya tak muke da shi. In akwai ƙungiyar da ke da irinsa mai milimita 18 a ajiye, ko tsohon injin Seagull da ya mutu, ta aiko mana da saƙo ta hannun edita, za mu saya ko mu yi musanya da irin albasa.