Ƙiris Ya Rage: Wayarka Da Sakan Ukun Da Ke Tsakaninka Da Haɗari A Lokacin Ruwa Da Hazo

Akwai haɗarin da ba ya shiga labarai, ba ya kuma shiga kundin kowace hukuma, saboda bai kai ga faruwa ba. Ana tsaka da ruwa tirela ta taso a hannunku, direba ya kauce, taya ɗaya ta sauka daga kwalta, mota ta yi tangal-tangal sannan ta daidaita. Fasinjoji su ɗauki salati, wani ya zagi mai tirela, wata ta ce Allah ya tsare gaba. Bayan minti goma an koma hira. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja da damina ya san irin wannan tsallake rijiya da baya.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan, masu yini da waya a hannu. Abin da ke raba "ƙiris ya rage" da zaman makoki sau da yawa bai wuce sakan biyu ko uku ba. Ruwa da hazo suna rage waɗannan sakan, direban ganganci yana ƙara rage su, ita kuma wayar da ke aljihunka tana iya cinye sauran, ko ta ƙara maka su. Ya danganta da hannun da take ciki.

Lissafin da ruwa ke sauyawa

Buɗe kalkuletar wayarka mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan muka ɗauka direba na buƙatar sakan ɗaya da rabi kafin idonsa ya ga matsala ƙafarsa ta kai kan birki, mota ta riga ta ci mita 42 ba a taka komai ba. A busasshiyar kwalta birki zai buƙaci ƙarin kimanin mita 55. Jimla wajen mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo.

A jiƙaƙƙiyar kwalta taya ba ta kama ƙasa sosai, don haka tazarar birki kaɗai tana iya kusan ninkawa, jimlar ta kai wajen mita 140. Idan ruwa ya tsuge har ba ka hango abin da ya wuce mita 100, ma'anarsa a wannan gudun ba za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da kake gani ba. Rage gudu zuwa kilomita 60, wannan lissafin ya sauko zuwa wajen mita 60. Dalili shi ne tazarar birki ba ta bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa.

Ruwan farko na damina yana da nasa sharrin. Baƙin mai da ƙurar da suka taru a kwalta tsawon rani suna haɗuwa da ruwa su zama santsi. Idan kuma ruwa ya kwanta a titi, zanen da ke jikin taya ne ke kore shi gefe. Tayar da ta suɗe ba ta iya wannan aiki, sai ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar ba a haɗe yake da komai ba. A nan taka birki da ƙarfi ko fizgar sitiyari shi ke juya mota. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe har taya ta sake kama ƙasa.

Hazo ba ya jiƙa titi, ido yake rufewa

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da gargaɗi idan ana sa ran nisan gani zai faɗi ƙasa da mita 1,000, kuma a irin waɗannan ranaku akan jinkirta tashin jirage a Kano. Matuƙin jirgi mai na'urori cike da gabansa yana haƙura ya jira, amma direban da ya yi lodi a tasha tun asuba yana bayar da wuta.

Matsalar hazo ita ce titi a bushe yake, don haka direba ba ya jin wani tsoro a ƙafarsa. Da dare kuwa sai ya kunna babbar fitila, hasken ya bugi ƙura ya dawo masa a ido, ya kuma makantar da mai tahowa. Ƙaramar fitila ce ta dace da hazo, dare ko rana, domin amfaninta na farko shi ne a gan ka.

Direbobin da ke mayar da ruwa makami

Akwai mai manne wa bayan motarka har ba ka ganin lambarsa a madubi. Akwai mai wuce tirela a kwana alhali feshin ruwan tayoyinta ya rufe masa gilashi. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba don gudun ramin da ruwa ya cika. Akwai mai kunna sigina biyu yana zuba gudu, yana ganin ya yi gargaɗi, alhali ya hana na baya sanin ko tsayawa ya yi, ko kwana zai sha. Ga kuma babbar motar da ta lalace a tsakiyar titi babu fitilar baya, sai 'yan ganyen da yaron mota ya jera, waɗanda iskar hadari ta riga ta watsar.

Ba ka da iko da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da kake da iko da shi tazara ce. Zaɓi wata alama a gefen titi, kamar falwaya ko bishiya. Idan motar gabanka ta wuce ta, fara ƙirga. In ka iso kafin sakan uku, ka matse da yawa. A ruwa ko hazo mayar da shi shida. Mai manne maka a baya kuwa, ba shi hanya ya wuce, ya fi maka alheri a gabanka.

Waya a hannun direba

Koma kan lissafinmu. Duba saƙon WhatsApp na sakan uku a gudun kilomita 100 daidai yake da tafiyar mita 83 ido a rufe. Waɗannan su ne sakan ukun da ka tanada a matsayin tazara, sanarwa ɗaya ta cinye su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direba mai amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sa abin kunne bai rage haɗarin sosai ba, domin hankali ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba. A dokar hanya ta Najeriya laifi ne da jami'an FRSC ke cin tara a kansa.

Mu masu rubuta manhaja mun san ba a banza sanarwa ke zuwa da ƙara da girgiza da jan ɗigo ba. An tsara ta ne don ta fizgi ido, kuma ba ta san kana kan gadar Tamburawa ana ruwa ba. Kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka, dogara da saiti. iPhone tana da yanayin tuƙi a ƙarƙashin Focus wanda ke rufe bakin sanarwa, wayoyin Android kuma suna da Do Not Disturb. Saita taswira kafin ka tayar da mota, ka kafa wayar a mariƙinta, ka bar murya ta yi maka jagora. Sabuwar al'adar ɗaukar bidiyon ruwan sama da hannu ɗaya a sitiyari don a sa a status ko TikTok kuwa, tuƙin ganganci ce kamar kowace.

Waya a hannun fasinja

A nan ne waya ke zama abokiyar tafiya. Kafin ka je tasha, duba hasashen yanayi a shafukan NiMet ko a manhaja irin su Windy. Hadarin damina yakan fi haɗowa da yamma zuwa dare, don haka sammako yana da riba. Sauke taswirar hanyarka a Google Maps tun kana gida, domin GPS ba ya buƙatar data, taswirar ce ke buƙata, kuma akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Tura wa wani na gida wurin da kake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke iya bin ka har awa takwas, tare da hoton lambar motar.

Motocin haya da yawa allurar gudunsu ta daɗe da mutuwa, amma Waze da Google Maps suna iya nuna gudun da ake yi ta hanyar GPS. Ƙa'idar FRSC a babbar hanya mai tagwayen hannu ita ce kilomita 100 ga ƙananan motocin gida, 90 ga tasi da bas, kuma wannan iyaka ce ta ranar da gari ya yi garau. Idan allon wayarka na nuna 120 ana ruwa, kana da hujja a hannu. Ba sai an yi faɗa ba. "Malam direba, don Allah a ɗan sassauta, ba ma sauri," ya isa buɗe magana, kuma da zarar mutum ɗaya ya yi, yawanci sai ka ji wasu sun mara masa baya. Ajiye lambar FRSC ta kyauta, 122, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A yawancin wayoyin Android daga siga ta 12, latsa maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana tayar da kiran gaggawa, amma sai ka shiga saiti ka tabbatar a kunne yake.

Kyamarar gaban mota

Wannan 'yar na'ura da ake liƙawa a gilashin gaba tana ɗaukar bidiyo a gajerun yanka, idan katin memori ya cika ta goge mafi tsufa ta ci gaba. A cikinta akwai na'urar jin girgiza, irin wadda ke juya allon wayarka idan ka karkata ta. Da ta ji an taka birki da ƙarfi ko an yi karo, sai ta kulle wannan yankin kada a goge shi. Idan za ka saya, nemi mai amfani da kafasito maimakon batirin litiyam, domin zafin motar da aka ajiye a rana a Sakkwato ko Maiduguri yana kumbura batir. Sayi katin memori da aka yi don yawan rubutu da gogewa, ka kuma duba ko tana iya karanta lambar mota da dare. Tsohuwar waya ma tana iya wannan aiki da manhaja, sai dai takan yi zafi ta kashe kanta idan rana ta buge ta.

Abin da fasaha ba ta gani

Taswira ba ta san zurfin ruwa ba. A Oktoban 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yi ƙaranci a Abuja. Layin da ke allon waya ba ya nuna maka ko kwalbati na nan ko ruwa ya tafi da shi. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaukar yawancin ƙananan motoci, balle a-daidaita-sahu ko babur.

Sabbin motoci masu taka birki da kansu ma da kyamara suke gani, kuma ruwa na rufe mata ido. A gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2021 da ruwan sama na kwaikwayo, motocin sun bugi abin da ke gabansu a kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen da aka yi a gudun kusan kilomita 56. Sabuwar waifa da taya mai zane sun fi maka waɗannan amfani. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019.

A rubuta abin da ya kusa faruwa

A aikin manhaja, kuskuren da bai kai ga rushe tsari ba ma ana rubuta shi a kundi, domin shi ne ke nuna inda babbar matsala za ta ɓullo. Harkar jiragen sama ta daɗe da gane haka. Tun 1976 hukumar NASA ke karɓar rahotannin sirri daga matuƙa da ma'aikatan jirage a Amurka kan haɗuran da suka kusa faruwa, ana nazarinsu ana gyara. A titunanmu kuwa addu'a muke yi, wadda ta dace, sannan mu manta da wurin da lambar motar.

Idan kai fasinja ne, sa alama a taswira cewa akwai lalatacciyar mota ko haɗari a gaba, na bayanka zai gani. Idan direban haya ya yi ganganci da rayukanku, rubuta lambar motar da lokaci da wuri, ka kai wa shugabannin tashar da ya yi lodi ko ofishin FRSC mafi kusa. Idan ka tarar da haɗari, kira 122 kafin ka buɗe kyamara, kuma kada ka yaɗa fuskokin waɗanda abin ya rutsa da su, domin kada uwa ta fara ganin ɗanta a status ɗin wani. Duk wannan ba ya cin data mai yawa, kuma saitin yanayin tuƙi bai fi aikin minti biyu ba. Yi shi yau, tun hadari bai haɗo ba.